Kallon ƙwallo a gidana ranar Laraba: me zan ajiye wa abokai?

Ɗan Gwammaja: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin masu ilimin tukunya. Mu 12 ne muke kallon wasannin Zakarun Turai tare, kowane mako a gidan mutum ɗaya, ranar Laraba kuma layi ya zo kaina. Ƙarfe 9 na dare za a take leda, kenan kowa ya yi isha'i ya ci tuwonsa kafin ya fito, don haka ba abinci mai nauyi nake nufi ba. Abin taɓawa kawai, baki na motsi ido na kan talabijin. Wanda muka je gidansa wancan makon shinkafa da miya ya kawo, aka yi ta neman cokali, ana cin ƙwallo wani ya yi tsalle da faranti a cinya, har yau dardumar ba ta dawo daidai ba. Me zan yi wanda ba zai cinye aljihu ba, kuma ba za a yi da ni a majalisa ba?

Ɗan Madrid na Sheka: Wa alaikumus salam. Ka fara faɗa mana ƙungiyarka. In Arsenal ce ka tanadi ruwan sanyi kawai, abinci ba zai shiga ba. Mu ƴan Real Madrid da muka ɗaga kofin karo na 15 a Wembley a 2024 ko gaya aka ba mu za mu ci da daɗi.

Ɗan Gwammaja: Kai dai ba ka rabo da tsokana. Ana maganar ciki kana maganar kofi.

Mai Gidan Kallo: Ranka ya daɗe, wannan fannina ne, don a bakin ƙofata masu talla suke kasa kaya. Mai kallon ƙwallo hannu ɗaya gare shi. Ɗayan yana riƙe da waya, ko yana nuna alƙalin wasa, ko yana ɗore a ka. Duk abin da sai an dube shi kafin a kai baki, ko sai an zare ƙaya, ko yana ɗigar da miya, ka manta da shi. Shi ya sa mai kifi ba ya ciniki a wurina, amma mai gyaɗa da mai awara da mai gurasa ba sa komawa da kaya.

Sai maganar lokaci. Abin da ya fi daɗi ka fito da shi a hutun rabin lokaci, kar ka ce sai an tashi. Daren wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, Fabrairun 2024, da Troost-Ekong ya sa mana ƙwallo da ka kafin hutu, mai tsiren da ke gefena har rasa wanda zai fara sallama ya yi. Ana dawowa Kessie ya farke wa Ivory Coast, Haller ya ƙara, aka tashi 2-1, kowa ya zura takalminsa ya wuce ko sai da safe babu. Naman da ya ɗora don bayan wasa da shi ya koma gida. A cikin mutum 12 dole ne wasu su tashi rai a ɓace, ka ciyar da su tun suna dariya.

Uwargida 'Yar Fagge: Duk na ji, amma ƙanena ina da tambaya. "Me zan yi" ka ce. Kai za ka yi, ko baiwar Allah da ke cikin gida? Don mun san halinku. Sai bayan la'asar ku bugo waya wai abokai za su zo. Mace ta gama tuwon dare, ta yi wa yara wanka, sannan ta tsaya gaban kasko a wannan sanyin tana suya har 10 saura, ku kuma kuna falo kuna ihu kan mutanen da ba su san da zamanku ba. Da safe ta tarar da tsinkaye da ɓawon gyaɗa har ƙarƙashin kujera.

Ɗan Madrid na Sheka: Anti an taɓo miki inda yake ƙaiƙayi.

Uwargida 'Yar Fagge: An taɓo kam. Kai da ko auren ba ka yi ba ka ja bakinka.

Ɗan Gwammaja: Allah ya huci zuciyarki Anti. Tun Asabar na gaya mata, ita ce ma ta ce na tambayo. Ta ce za ta yi abu ɗaya ko biyu, sauran na san yadda zan yi da su.

Uwargida 'Yar Fagge: To madalla, tana da kirki. Kar ka bari ya wuce biyun nan, kuma ya zama wanda za ta gama kafin magariba ta rufe kicin ɗinta. Duk mai ba ka shawara ya riƙa tuna wannan.

'Yar Hotoro Mai Kayan Suya: Sana'ata ce, bari na sa baki. Mutum 12 da suka riga suka ci abincin dare, kala uku ya ishe su: ɗaya mai nama, ɗaya mai cika ciki, ɗaya na ɓalle-ɓalle da hannu zai yi ta komawa kansa. In ka yi kala bakwai wahala ce kawai, maza ba sa lura, abin da ke kusa da hannunsu suke kwasa.

Mai cika ciki, ni awara zan ce. Ka aika a sayo ɗanya wurin masu yi tun da hantsi, kar madam ta ce za ta jiƙa waken suya ta kai niƙa ta tace, wannan aikin yini ne. A yanka ta ƙanana, loma ɗaya ɗaya. A tafasa ruwa da dunƙule, gishiri, jajjagen attaruhu da albasa da ɗan tafarnuwa, a zuba awarar ta yi kamar minti 10 a ciki. A nan ɗanɗano yake shiga har tsakiya, ba irin wadda ake soyawa lami a dogara da yaji ba. A tsame a kwando ta tsane sosai, in da ruwa a jikinta mai zai yi ta fallatsi. Sannan a tsoma a ruwan ƙwai a soya. Kowace a soka mata tsinken sakace. Awara ko ta huce tana ciwuwa, wannan ne amfaninta a irin wannan zaman.

Abin da zan hana ka shi ne dankalin Turawa. Minti 20 bayan an kwashe shi ya yi laƙwas, balle yanzu da ake hunturu. In dole sai an yi dankali, na Hausa ya fi jure jira, ko doya a yanka ta tsaye kamar yatsa.

Ɗan Kwalisa na Nasarawa: Haba Hajiya, awara kuma? Mutum ya tara baƙi a gidansa ya ba su abin da yara ke saye a ƙofar makaranta? A yi samosa da sifirin rol da ƴan fukafukan kaza, a jera a tire, a ɗauki hoto. Zamani ya canza.

'Yar Hotoro Mai Kayan Suya: Ƙanena, samosa ita ce abin da na fi sayarwa, da son kaina zan bi da ita zan fara ambata. Amma ka lissafa. Namiji ɗaya yana kallon ƙwallo zai tashi da guda 5 bai san ya ci ba. Sau 12, guda 60 kenan. Ka san aikin 60? A kwaɓa fulawa ruwa-ruwa, a shafa a kasko marar kamu da buroshi ɗaya bayan ɗaya har a samu fallayen, a soya niƙaƙƙen nama da albasa da karas har ya tsane ƙarau, don in da danshi zai huda fallen, a naɗe kowace a liƙe bakinta da kwaɓin fulawa, sannan a zo suya. Mace ɗaya ba mataimaki, yininta ya tafi. Kuma samosa ba ta son jira. In ka rufe ta a kula da zafinta ta yi gumi ta saki, in ka bar ta a buɗe cikin wannan iskar ta sandare. Fukafukan kaza kuwa ka ji abin da Mai Gidan Kallo ya ce kan ƙashi. Hannu biyu suke ci, ga maiƙo, daga nan sai rimot, sai hannun kujera.

Ɗan Kwalisa na Nasarawa: To a saya mana, ba sai an yi a gida ba.

'Yar Hotoro Mai Kayan Suya: In da kuɗin, bismilla, mu kasuwa muke so. Amma ya ce kar a cinye aljihu.

Baba na Ƙofar Mata: Ni dai ina karantawa ina mamaki. Mu da muka taso muna shiga filin wasa na Sani Abacha tun rana na tsaka don samun wurin zama, gyaɗa ce da rake da ruwan leda, kuma ba wanda ya mutu da yunwa. Shekarar 2009 da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, wa ya tuna da ciki? Muka ɗauki kofin ƙasa a 2008, muka jera 2012 da 2013 da 2014. Sai Masu Gida! Yanzu yara sun koma falo suna kuka kan ƙungiyoyin Ingila da Sifaniya, har da tire da tsinken sakace. Amma tunda ka tambaya ɗana, kana Gwammaja, Jakara na kusa da kai, ka tsallake gurasa ka tafi neman me? Bakano ya tara mutane babu gurasa ai bai tara ba.

Ɗan Gwammaja: Allah ya ƙara girma Baba. Na yi tunaninta, tsorona bandashe yana da jiƙa, ga ƙuli yana zuba.

Uwargida 'Yar Fagge: Wannan mai sauƙi ne, kuma kai da kanka za ka iya, ba sai an kira kowa ba. Kar ka tsoma ta a ruwa yadda masu bandashe suke yi. Ka sayi ƙananan, ka raba kowace gida huɗu. Ka dama garin ƙuli da man gyaɗa da ɗan ruwan ɗumi da dunƙule da barkono ya yi kauri, yadda zai zauna a cokali. Ka ɗan gasa gurasar a busasshen kasko ta yi ɗumi, ka shafe fuska ɗaya, ka ɗora albasa yankan siriri da tumatir, ka ninke ka soke da tsinke. Tumatir ɗin ka cire ƴaƴan da ruwan cikin, su ne suke jiƙa ta. Kabeji da kokwamba ka sa su gefe a wani faranti, mai so ya ɗiba. Yanzu lokacin kayan gwari ne, na rani daga su Kadawa da Kura yana shigowa, in ka leƙa Yankaba da safe za ka samu masu tauri, ba waɗanda suka kwana suka yi ruwa ba.

Mai Tukuba: Salamu alaikum, na ga an kusa zuwa kan nama ba a neme mu ba. Alhaji, shawarata ka saya. Ba don ni mai sayarwa ba ne. Tsire a gida ga wanda bai saba ba asarar nama ce: ko ya ƙone ƙulin ya yi ɗaci, ko waje ya gasu ciki ɗanye. Ka je wurin mai naman unguwarku tun da rana ka ba shi kuɗi, ka ce na mutum 12 ne, ƙarfe 9 da rabi za a zo karɓa. Ka tura yaro ya karɓo daidai ana shirin tafiya hutu, ya iso da zafinsa.

Kuma a wannan sanyin ka guji balangu mai kitse. Kafin a yi minti 10 man ya daskare ya yi fari a takarda, ya riƙa kama dasashi. Tsire na jan nama ya fi, ko ka ce a haɗa maka da ƙoda da hanta kaɗan. Ka ce a yanka ƙanana, yaji a ƙulle shi daban, albasa daban.

Ɗan Brigade: Ni ban yarda ba Oga. Rabin daɗin abin shi ne a kunna gawayi a tsakar gida, abokai su zo da wuri a gasa tare. Mu haka muke yi. Muna sayo cinyar sa a Abbatuwa da safe, a sa a firiza ya ɗan yi tauri don ya yanku siriri, a yanka a gicciye ba bin tsawon jijiya ba, a jiƙa tsinkayen a ruwa kar su ci wuta. A shafa mai, a birkiɗa a garin ƙuli mai citta da kanumfari da masoro da barkono. Ba a ɗorawa sai harshen wuta ya mutu ya zama garwashi. In ya kusa a ƙara shafa mai a sake barbaɗa ƙuli. Wallahi ba ya ƙonewa. Kuma kuɗin da za ka ba mai tukuba na mutum 12, in ɗanye ka saya sai kowa ya ƙoshi.

Mai Tukuba: To ai kai ka iya, har ka fi wasu yarana. Amma gaya min gaskiya, ƙarfe nawa kuke farawa, kuma wa yake tsayawa a bakin wuta in an take wasa?

Ɗan Brigade: Bayan magariba muke farawa. Mai tsayawa kuma, wanda ƙungiyarsa ba ta buga ranar.

Ɗan Madrid na Sheka: Wato ƴan Manchester United. Allah ya ba su ladan hidima.

Nas ta Gyaɗi-Gyaɗi: Ku yi dariyarku amma ku ji wannan. In za a kunna gawayi, a tsakar gida ko ƙofar gida, kar sanyi ya sa a jawo kaskon wuta cikin falo a rufe tagogi. Haka janareta in an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa: a waje, nesa da taga, ba a soro ko a lungun ɗaki ba. Iskar da ke kisa a hayaƙin nan ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai dai ya ji ciwon kai da jiri da barci, ya ɗauka gajiya ce. Sannan don Allah a daina zuba abin suya a kan jarida, tawadar tana bin mai. A shimfiɗa farar takarda ko tishu a kwando. Kuma cikin mutum 12 da wuya a rasa mai hawan jini ko ciwon suga, ga ƙuli ga dunƙule ga gishiri. A bar yaji a gefe kowa ya sa daidai shi, abin sha kuma a ware wani ba sukari.

Malam na Ɗorayi: Ni abin da nake gani, kar abin ya zama gasa. Yau wannan ya yi awara, gobe wancan ya yi kaza don ya fi shi, jibi a zo kan wanda albashinsa bai kai ba ya ci bashi ko ya ƙirƙiri tafiya. Da yawa irin wannan zaman a kan haka yake watsewa. Ku yi karo-karo kowane mako, kuɗi ɗaya, a miƙa wa mai masauki, abin da ya saya shi kenan. Kuma ranar da wasa ya faɗo kan lokacin salla, irin na Ingila na ranar Asabar da ke cin la'asar ko magariba, a tashi a yi ta a kan lokaci.

Ɗan Kwalisa na Nasarawa: Malam, karo-karo a gidan mutum? Ka gayyaci baƙo kuma ka ce ya biya?

Malam na Ɗorayi: Ba baƙi ba ne, ƴan majalisa ɗaya ne, kuma layi ne yake zagayawa. Wanda Allah ya hore wa ya ƙara daga aljihunsa ba tare da ya sanar ba.

Uwargida 'Yar Fagge: Malam ya yi gaskiya. Ku ƙara da cewa wanda ƙungiyarsa ta sha kashi shi zai share falo ya kwashe tsinkaye kafin a watse.

Ɗan Madrid na Sheka: Na amince, tunda ba ni zai shafa ba.

Mai Gidan Kallo: An manta na ukun da Hajiya ta ce, na ɓalle-ɓalle. Gyaɗa, amma wadda aka murje aka fece, in ba haka ba ɓawon zai cika gida. Ko gugguru, ko soyayyar aya, ko kantu a kakkarya. A raba kwano uku ko huɗu a wurare daban-daban, kar a tara a tsakiya mutane su riƙa gittawa gaban talabijin, a nan faɗa yake farawa. In da hali ka samo kilishi a Agadasawa ka yayyage shi ƙanana ka ɓoye. Tunda hukumar ƙwallon Turai ta soke dokar ƙwallon waje a 2021, in an kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale aka yi kunnen doki a jimillar wasa biyu, ƙarin minti 30 ake yi, wataƙila har fenariti. Wasan 9 sai ya kai ku kusan 12 na dare, faranti duk sun koma wayam. A nan kilishi yake da rana, ba ya buƙatar ɗumi ba ya lalacewa.

'Yar Hotoro Mai Kayan Suya: Abin sha kuma, zoɓo a dafa shi tun safe da citta da kanumfari da ɓawon abarba. A ɗura a ƙananan goruna masu murfi, kar a ba su a kofi. Zoɓo in ya zube a kujera ko farar shadda sai dai haƙuri. A Ƙofar Wambai za ka samu gorunan da ƴan farantan roba.

Baba na Ƙofar Mata: Zoɓo mai sanyi a hunturu ƙarfe 10 na dare? Ku dafa shayi mai kayan ƙamshi ku cika fulas, ku ga wanda zai fara ƙarewa.

Nas ta Gyaɗi-Gyaɗi: Baba ai zoɓon ma ana shan sa da ɗumi, da citta ya fi daɗi ma a sanyi.

Baba na Ƙofar Mata: ƴata, wannan kuma sai ku. Ni shayi.

Ɗan Gwammaja: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ga inda muka tsaya ni da madam: ita awara da zoɓo, ta gama kafin magariba. Ni gurasa, zan biya Jakara in na taso daga kasuwa, zan kuma dafa shayin Baba. Tsire zan ba mai naman layinmu, Ɗan Brigade ka yi haƙuri, tsakar gidanmu ba ta da faɗin da za a kunna wuta ga babura 12. Gyaɗa da gugguru a kwanuka. Maganar karo-karo zan kawo ta ranar, amma ba zan fara karɓa a kaina ba kar a ce don layina ne. Saura abu ɗaya, Hajiya: awarar nawa zan saya, kuma ƙwai nawa?

'Yar Hotoro Mai Kayan Suya: Ka lissafa loma 8 kowane mutum, wajen 100 kenan in an yanka ƙanana. Ƙwai 6 zuwa 7 zai shafe su in an tsane ta da kyau. Ka ƙara kaɗan a kai, don yaran gida da maƙota za su ji ƙamshi, kuma a cire wa madam nata a rufe tun kafin tire ya fita falo. A soya kashi-kashi, kar a cika kaskon, in an cika mai yana hucewa awarar ta sha shi. Ta jefa yankan albasa ɗaya ta gwada, in ya taso nan take yana ƙara to man ya yi.

Ɗan Brigade: Mako mai zuwa in layi ya zo kan mai babban tsakar gida a kira ni, da wuƙata zan zo. Gawayin dai a saya tun da rana, na dare jiƙaƙƙe suke haɗawa da shi.